Ranar da Sarki Ya Ce Ba Ya Gani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka Mati, tsohon zagi, a Runka, zuwa ga ɗana Tanko, a zangon fatake na Safana. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fatan ka sauka lafiya kai da jakunanka, ina fatan ka tarar da kawunka Madugu Tanimu lafiya da duk jama'ar ayarinsa. Innarka tana gaishe ka, yayyenka mata suna gaishe ka. Allah ya tsare ku a hanyar Gwanja, ƙasar goro, ya kare ku daga ɓarayi da ciwo da gulbi mai ci, ya sa ku je da ƙafafunku ku komo da su.

Bayan haka, hannun Malam Jibo liman ne ke rubutu, bakin kuwa nawa ne. In ka ga magana ta yi tsawo kada ka ga laifinsa, tun ɗazu yake tsaki yana fere alƙalami.

Na aiko maka da gaggawa ne don na san halinka. Bara ka kai Safana ka juyo, ka ce jakinka ya yi ɗingishi. Bara waccan ka ce zazzaɓi ne ya kama ka. Jakin nan na shafa ƙafafunsa da hannuna, lafiyarsa lau. Idanuna ne ke komo da kai gida, ni da kai mun sani. Tun da yanar ido ta rufe mini su kake tafiya a hagu da ni, kana taɓa gwiwar hannuna in akwai rami, kana raɗa mini sunan mai zuwa don in gaishe shi kamar na hango shi. Ba ka taɓa gaya wa kowa ba, ba ka kuma taɓa nuna mini gajiya ba. Na gode, Tanko. Amma tsaranka sun je Gwanja sun komo, sun yi aure, sun ta da gidajensu, kai kana nan kana ƙirga mini ramukan Runka. In ka bar ayarin bana ya wuce, kawunka ya rantse ba zai ƙara ajiye maka wuri ba. Saboda haka zauna ka ji labarin da ban taɓa ba ka shi cikakke ba.

Ka san na yi wa Sarki zagi a Birni, shi Sarkin da ba na iya kama sunansa, Allah ya jiƙansa. An kai ni fada ina saurayi don ƙafafuna, lokacin ba mai riga ni gudu tsakanin Runka da Batsari. Aikin zagi ba wuya: ka yi tafiya a ƙasa kusa da kan doki, bargo a kafaɗa, ka riƙe linzami in Sarki zai hau ko zai sauka. Ba a tambayar zagi shawara. Amma shi ne ya fi kowa kusa da bakin Sarki in an fita, don haka ni na fara gane idanunsa sun soma dushewa.

Wata rana muna komowa daga kewayen gari da hantsi, sai ya sunkuyo ya ce da ni a hankali, "Mati, wane ne wancan da ya durƙusa gindin tsamiya tun ɗazu ba a amsa masa ba?" Na duba, na sake dubawa. Suri ne. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce, "Allah shi ba ka nasara, wani bafatake ne, ya riga ya tashi." Sai da muka kusa ƙofar gari, sannan ya ce, "Suri ne ko?" Na ce suri ne.

Nan na yi kuskurena na fari. Ni na kawo dabarar ɓoyewa. Na ce masa in manyan fada suka ji za su fara ƙus-ƙus a kan rawani, in mahara na arewa suka ji za su ɗaura sirdi, talakawa kuwa zuciyarsu za ta karye. Na ce ni zan zama idonsa. In mutum ya taho, sai in yi kamar ina gyara masa likkafa ko bakin alkyabba, in raɗa suna. Ya yarda, don shi ma mutum ne, tsoro ya kama shi. Na ɗauka biyayya nake yi, ashe ɗaure shi nake da igiya ina riƙe da bakinta. Tanko, abin da ba zunubi ba ne kada ka taya kowa ɓoye shi, kai ma kada ka ɓoye naka. In ƙaya ta shige maka ƙafa a hanya, ka gaya wa kawunka da safen nan, tun ana iya cire ta da tsinke. Mai ɓoye ɗingishi don kunya, ranar da ya faɗi ayari duka ne ke tsayawa a dokar daji saboda shi.

Kuskure na biyu ya fi na farin muni, don shi daɗinsa na ji. Kafin a jima mutane suka lura Sarki yana sakin fuska ga wanda zagi ke so. Ba su san dalili ba, amma sun san hanya. Sai ga hakimai suna tsayawa gaishe ni, ni Mati da ko takalmin kirki ba ni da shi. Kaina ya kumbura. Sarki ya kan tambaye ni, "Yaya fuskarsa?" Da fari abin da na gani nake faɗi. Daga baya na fara ƙara gishiri. Wanda ya wuce ni bai yi mini sannu ba, sai in ce, "Fuskarsa a murtuke take." Wataƙila rana ce ta dame shi, wataƙila ciwon haƙori yake, oho. Na ji kawunka zai haɗa ka da jagaba, ku riƙa wucewa gaba kuna dubo hanya, saboda kaifin idonka. To ka zama idon ayari ke nan, irin aikin da ya kusa halaka ubanka. In ka komo, ka faɗi abin da ka gani daban, abin da kake zato daban. "Na ga toka da sawun dawaki" magana ɗaya ce, "ina jin 'yan fashi ne" wata magana ce. Kada ka cuɗa su don a ce kana da wayo.

Ana nan sai aka fita rangadi ƙasarmu da marka, gero ya fara fitar da kai. A garin Babban Duhu aka kawo ƙara. Ardo Sambo na Tsaskiya ya ce manoma sun cinye burtali, hanyar da shanunsa ke bi zuwa mashaya tun zamanin kakanni. Mai garin Babban Duhu ya ce burtali na nan yadda yake, Fulani ne dai ke sakin shanu cikin gero da gangan. Har an fasa wa wani kai, kowane ɓangare ya kwana da kwari da baka. Al'ada kuwa a irin wannan ƙara ita ce Sarki ya je da kansa ya ga burtalin da idonsa, sannan ya yanke. Manoman nan dangin uwata ne, a gidansu na sha fura da safen nan.

Muka tsaya a bakin burtali, jama'a ta kewaye mu. Na sunkuya ina gyara likkafa, Sarki ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya faɗinsa?" Inda muke tsaye yana da faɗi ƙwarai, amma ina hango can gaba inda gero ya matse shi daga dama da hagu har ya koma kamar hanyar zuwa rijiya. Na ce, "Da faɗinsa, garke na wucewa." Na lallashi kaina da cewa ai ban yi ƙarya ba, inda muke tsaye na faɗa.

Sarki ya gyara murya ya fara magana, kowa ya ji inda hukunci ya dosa. Sai Ardo Sambo ya matso, tsoho ne siriri mai farin gemu, ya durƙusa ya dogara da sandansa na kiwo, ya ce, "Allah shi ba ka nasara, ni ban iya magana ba. Amma ka ɗaga kai ka dubi can gaba wajen aduwa. Kai ma kana gani. In ka ce nagge na wucewa nan, na yarda, in kwashe shanuna in bar ƙasar."

Ina nan riƙe da linzami. Sai Sarki ya sa hannu ya sauke amawalin da ya rufe masa baki, abin da ban taɓa ganin ya yi a bainar jama'a ba, ya ce da ƙarfi yadda na baya ma za su ji, "Ardo, ba na gani. Na daɗe ba na gani. Ku sauke ni."

Wani dogari ya saki salati. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Sarki ya sauka, ya tuɓe takalmansa, ya ce, "Ardo, ara mini sandanka." Ya riƙe sandan a gicciye da hannu biyu a gaban cikinsa, ya sa Ardo ya kama masa gwiwar hannun dama, mai gari ya kama ta hagu, suka shiga burtali su uku, mu muna biye. Da fari sandan na tafiya sakayau. Can sai bakinsa ɗaya ya fara kaɗa ganyen gero. Da aka matsa sai duka biyun. Kafin a kai aduwa sandan ya cije tsakanin karan gero, ya ƙi gaba. Sarki ya tsaya, ya juya wajen mai gari ya ce, "Mai gari, tsakanin sandan nan da garken shanu, wa ya fi faɗi?" Mai gari ya ce, "Ranka shi daɗe, garke." Sarki ya ce, "To ni makaho na gani, kai mai ido mi ya hana ka?" Jama'a aka yi dariya, har da masu hawaye.

Ya yanke cewa geron da ya riga ya fito a bar shi ya nuna, don abinci ne, shanu su zagaya ta fako har a yi girbi. Bayan girbi a mai da burtali inda yake, a dasa shinge, shi kuma Ardo ya sauke garkensa a gonakin nan da rani su samu taki. Ba wanda ya zare kibiya. Da Ardo ya miƙa hannu karɓar sandansa, Sarki ya ce, "Wannan kam ka bar mini, ya fi wasu fadawana gaskiya."

Na san da ni yake. Da aka sauka masauki aka ce Sarki na kira, na yi sallama da duniya. Na tarar da shi zaune a kan buzu, sandan a kan cinyarsa. Ya ce, "Mati, ka yi mini ƙarya." Na ce na yi. Ya ce, "Da na yanke hukuncin nan, da jinin da za a zubar yana wuyana da naka. Amma ni na ɗora maka kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙafafunka na ɗauka aiki, ba idanunka ba. Koma bakin linzami." Ko bulala ɗaya ba a yi mini ba. Yau shekaru nawa, ban taɓa tuna maganar nan ban ji ƙwalla ta taru mini ba. Duk abin da na zama bayan nan, gonar da kuke ci da mutuncin da ake ba ni a Runka, daga wannan afuwar ya fito. In wani na ƙasa da kai ya yi maka laifi a hanya, kafin ka ɗaga hannu ka tambayi kanka ko kai ka aza masa abin da ba zai iya ba.

Abin da na tsorata da shi kuwa ya zo, amma bai zo yadda na zata ba. Da muka koma Birni Sarki ya tara manyan fada da malamai, ya ce ga halin da yake ciki, in sun ga makanta za ta hana shi adalci, ga rawani. Malamai suka yi ta buɗe littattafai, aka yi ta kai da komo. Daga ƙarshe aka bar shi, bisa sharaɗin alƙali zai riƙa zama kusa da shi a wurin shari'a. Shi kuma ya sauya yadda ake komai. Duk mai zuwa gabansa, ko hakimi ne, sai ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu da bakinsa. In ana son a dubo wani abu, mutum biyu yake aikawa, waɗanda ba sa ga maciji da juna, ya saurari kowanne shi kaɗai. Takarda in ta zo, malami ya karanta ya fita, wani ya shigo ya sake karantawa. Ya koyi muryoyi har ya kai in mutum ya yi sallama sai ya ce, "Kai ne ka zo bara kan maganar rijiya, an gyara?" Hatsin baitulmali da hannunsa yake damƙa ya sansana. Bayan kowace damina sai ya zagaya ganuwa a ƙasa, tafinsa a jikin bango, inda ruwa ya ci ya tsaya ya ce a kira magina. Masu ido da yawa sun wuce wuraren nan a kan doki ba su lura ba. Mahara da suka ji labari sun zo leƙe, suka tarar da ganuwa ta fi da kyau, suka koma.

Kada ka ɗauka abin bai dame shi ba. Ranar sunan wata jikarsa aka kawo masa ita, ya shafa kanta da 'yan kunnuwanta, sannan ya sa aka kira ni daga bargar dawaki. Ya ce, "Mati, yau ɗaya na mai da kai tsohon aikinka. Faɗa mini kamanninta. Kada ka ƙara gishiri." Na ce baƙa ce, mai faɗin goshi, hancinta irin nasa. Ya yi dariya ya ce, "Kaico, an cuci yarinya." Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Bai share ba, bai kuma juya fuska ba. Ya yi shekaru masu yawa yana mulki bayan nan, kuma ba a taɓa jin ya ce a tausaya masa ba. Da ya rasu aka ce ya bar wasiyya a ba ni sandan Ardo. Na kawo shi Runka na soke a rufin ɗakina, ka sha ganinsa.

To ga babban wautata, wadda ta sa Malam Jibo ya ajiye alƙalami yana kallona, in ji shi. Ni da na ga duk wannan da idona, da nawa ya zo sai na manta. Na ji kunyar a ce Mati mai gudu ya koma laluben bango. Na mai da kai abin da na zama wa Sarki, har na fi shi laifi, don shi ya sake ni, ni kuwa na riƙe ka shekara da shekaru. Kai ba ka taɓa ƙara mini gishiri ba, ka fi ubanka. Amma ɗa ba sanda ba ne, Tanko, bai kamata in dogara da kai har ka kasa tafiya taka ba. Ka yafe mini.

Jiya, washegarin tafiyarka, ranar kasuwa ce. Na sa innarka ta zaro mini sandan nan daga rufi, ta kakkaɓe masa yanar gizo. Na fita ni kaɗai. Kafin in kai masallaci na yi karo da wani, na ce, "Gafara dai, malam, ina wuni?" Ashe jakin liman ne. Bayan an sallame Azahar na miƙe a ƙofar masallaci na ce, "Jama'a, ku dakata. Ni Mati ba na gani. Na daɗe ba na gani. Daga yau duk mai gaishe ni shi faɗi sunansa."

Na tsaya ina jiran salati da kuka irin na Babban Duhu. Sai na ji Sarkin Noma, abokin wasana, ya ce, "Yo Mati, sai yau ka sani? Mu ai tun ranar da ka yi wa turmin gidan biki barka da arziki muka sani. Mun yi shiru ne don kada mu kunyata yaron nan, yana ta wahala da raɗa." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi har na zauna. Sannan suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kama hannuna yana faɗin sunansa da na ubansa, mutanen da na sani tun suna tsirara. Wannan ya ce shi zai riƙa biyo mini da asuba. Wancan ya ce gonata ta shiga gayyar bana. Mijin yayarka ya ce gobe zai cike ramin ƙofar gida, wanda ka yi shekaru kana zagayar da ni. Ashe gari guda nake da shi na idanu, na tsaya na maƙale wa biyu. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen Runka, na kuma gode wa bawan Allahn nan da ya koya mini tun ina saurayi, ko da yake sai da na tsufa karatun ya zauna.

Saboda haka ba sauran abin da za ka komo ka rufa. Jakinka lafiya lau, kai ma lafiya lau. Ka bi kawunka, ka tsare salla ko a kan tafiya, ka ci da wanda ya rasa guzuri, ka riƙa duba bayan jakunanka kafin ka duba cikinka. Hanyar Gwanja doguwa ce, ni kuma na tsufa, ban ɓoye maka ba. In ka komo ka same ni, ka tsaya a zaure ka faɗi sunanka da na ubanka kamar kowa, in ji daɗin jinsa a bakinka. In ba ka same ni ba, sandan na wurin innarka, kuma na yafe maka duniya da lahira.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka hanya, ya haɗa ka da abokan tafiya na gari, ya tsare gabanka da bayanka, ya komo da kai cikin aminci. Ranar da ayari zai tashi, ka kama igiyar jakinka ka miƙe. Kada ka waiwayo wajen Runka, ɗana. Ko ka waiwayo ba gani zan yi ba.

Wassalam. Mahaifinka, Mati.